Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga uwar da ɗanta ke riga kowa gama darasi

Assalamu alaikum 'yar'uwa,

Tambayarki ta iso ni, kuma tunda a gaban jama'a kika yi ta, bari in amsa a gaban jama'a, don na san ba ke kaɗai ke wannan fama ba. Kin ce kina karantar da yaranki biyu a gida. Babban, ɗan shekara 9, kafin ki gama nuna wa ƙanwarsa haruffa uku ya rufe littafi ya ce ya gama, daga nan kuma sai ya addabi kowa. Kina neman ɗan abin da zai riƙa yi na minti 10 zuwa 15, mai amfani, wanda ba waya ba.

Kafin in ba ki komai, bari in fara hana ki abin da ni na yi na sha wuya. Kada ki ƙara masa irin aikin da ya gama. Nawa yaron in ya gama lissafi goma sai in ɗora masa wasu goma, ina ganin na yi dabara. Ba a yi sati biyu ba ya gano ni. Sai ya koma feƙe fensir sau uku, ya goge amsar da ya rubuta daidai ya sake rubutawa, ya tashi shan ruwa ba ƙishirwa. Aikin minti 10 ya koma cin rabin awa. Da hannuna na koya masa jan ƙafa, domin ya lura duk ranar da ya yi sauri ƙarin kaya ake ɗora masa.

Sannan ki sani "na gama" iri biyu ce. Akwai ta wanda ya gane, akwai ta wanda ya cika layuka kawai. Hanyar rarrabewa ba ta cin minti biyu: ya rufe littafin, ya faɗa miki da bakinsa abin da ya karanta. Charlotte Mason, malamar nan 'yar Ingila da ta rasu a 1923, wadda masu karantar da yara a gida ke bin tsarinta har gobe, a kan wannan ta gina koyarwarta: darasi gajere, sannan yaro ya maimaita da kalmominsa. Tun a 1885 kuma Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu. Ashe minti biyun nan ba ɓata lokaci ba ne. In hannunki na kan ƙanwar, ya zana abin a takarda, ki duba daga baya.

To, in ya tabbata ya gane fa? Ki samu kwali ki zuba ƙananan katuna, kowanne da aiki ɗaya, kayan aikin ma suna ciki: takardu, almakashi, gam, rula. Ki ajiye inda hannunsa zai kai. Maria Montessori haka ta tsara makarantarta ta farko a Roma a 1907, kaya a ƙasa-ƙasa, yaro ya ɗauka da kansa ya mayar da kansa. Shi zai zaɓi katin, ba ke ba. Kuma duk aikin da sai ya kira ki sau biyu kafin ya iya farawa, cire shi daga kwalin, bai dace da wannan lokacin ba.

Katin da na fi so a rubuce yake haka: "Tara lambobi daga 1 zuwa 10. Akwai gajeriyar hanya?" Ana ba da labarin Carl Gauss, masanin lissafin Jamus da aka haifa a 1777, cewa yana yaro malaminsu ya ce su tara daga 1 zuwa 100, don dai ya samu su yi shiru (kin ga damuwarmu tsohuwa ce). Nan take yaron ya kawo amsa. Ya lura 1 da 100 sun ba da 101, haka 2 da 99, haka 3 da 98, har sau 50, jimla 5050. Kada ki faɗa wa ɗanki sirrin. Ki bar shi da 1 zuwa 10, har ya ga 11 sau biyar da idonsa ya samu 55. Ran da ya gani, da kansa zai nemi na ɗari.

Wani katin: ya rubuta 1 zuwa 100 a layi goma-goma. Ya soke 1. Ya zagaye 2, ya soke duk lambar da ke rabuwa da 2. Ya yi haka da 3, da 5, da 7. Lambobi 25 za su tsira, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Wannan dabarar Eratosthenes ce, mai kula da ɗakin karatun Iskandariyya shekaru fiye da 2,200 da suka wuce. Yaro na bitar sau-sau bai ma san yana yi ba.

Akwai kuma na takarda, wanda a gidana ya fi kowanne tada hayaniya. A yanko doguwar takarda mai faɗin yatsa biyu, a murɗa gefe ɗaya rabin juyi, a manne bakin biyu ya zama zobe. Na ce wa ɗana ya ja layi a tsakiya kada ya ɗaga biro. Yana ja yana ja, sai ga shi ya dawo inda ya fara, layin kuma ya bi ciki da waje duka. Ya juya zoben, ya dube ni kamar na yi masa rufa-ido. Na ce ya yanka a kan layin. Ya rantse zobe biyu za su fito. Ɗaya ya fito, dogo, a murɗe. Ranar sai da takardun gidan suka ƙare. Sunan August Möbius, wanda ya yi bayanin zoben a 1858, daga baya ya tambaya, ni ban tusa masa ba.

Sauran ba sai na ja ba. Ya kafa sanda a rana ya sa alama a ƙarshen inuwarta sau uku a yini. Ya sa iri a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, kullum ya auna saiwar ya rubuta. Ya buɗe ƙamus ya nemo kalma ɗaya da zai ɗana miki tarko da ita. Ya canza ƙarshen labarin da ya karanta. Ya shirya wa ƙanwarsa tambayoyi uku, amma ki sa ido, don yayye akwai son mulki.

Ba kowace rana ce ta kwali ba. Wani lokacin ki ce masa ya je ya yi wasansa, ya ci guminsa ne. Idan kuma kin ga sati bayan sati yana gamawa da wuri, yana kuma maimaita darasin tsaf ba gargada, to matsalar ba ta minti 15 ba ce, littafin ne ya yi masa kaɗan. Ki tsallake da shi babi na gaba, tunda ba ajin yara arba'in kike jira ba.

Ki fara da kati biyar, na zoben ki ajiye shi sai ranar da ya fi damun ki. A gaida yaran.

Taki,
wata uwa mai karantar da nata a gida