Wasiƙa zuwa ga aminina a Manchester

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya sanyin Ingila? Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Na karanta takardar hayar gidan da kuke shirin kamawa kai da abokan karatunka biyu. Don Allah kada ka sa hannu sai ka gama karanta wannan wasiƙa.

Akwai inda aka rubuta cewa kuɗin haya yana wuyanku jointly and severally. Na san yadda kunnenka zai ɗauki severally, domin a Turancinmu na Najeriya mun mai da ita "sau da yawa", har a jarida sai ka ga an ce an gargaɗi wane severally. A bakin lauyan Ingila ma'anarta kowa a kan kansa. Wato mai gida yana iya bin ku ukun a haɗe, yana kuma iya tsame mutum ɗaya ya ce shi zai biya duka. Idan ɗayanku ya tattara komatsansa ya bar gari da bashin wata uku, kai da ka biya rabonka tsaf ana iya ɗora maka nasa. Ka ga kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zaman ƙasar mutane da kuɗin da aka ƙidaya.

Ka roƙi mai gidan ya rubuta wa kowa takardarsa separately, kowa da ɗakinsa da kuɗinsa. Ana yin haka a gidajen ɗalibai da dama. In ya ƙi, to ka san su wa za ka haɗa wuya da su, ka kuma kai takardar wurin ƙungiyar ɗaliban jami'arku, galibi suna da masu duba irinta kyauta. Kuɗin ajiya kuma, wato wanda mai gida ke riƙewa a matsayin jingina, tun dokar Ingila ta 2019 bai kamata ya wuce na hayar mako biyar ba a gida irin naku.

Tunda ka ce kalmomin nan na kaɗaici suna rikita ka, bari in ɗan warware maka. Separately tana raba abin da da ana iya haɗa shi. Shi ya sa in kun ci abinci a waje za a tambaye ku together or separately, wato a haɗa kuɗin ko kowa ya biya nasa. Individually kuwa tana duban mutum ɗaya ɗaya a cikin taro. Malami zai ba ku aikin rukuni, ya ce maki individually zai bayar, ka san ƙoƙarin wani ba zai rufa maka asiri ba.

Wadda na fi so ka riƙe da kyau ita ce independently, don a jami'a za ka yi ta jin ta. Ba ta damu da ko akwai mutane a kusa da kai ba. Abin da take nufi shi ne ba ka jingina da kowa ba, ba ka kwafi kowa ba. Ka dubi masana halittu biyu: Darwin yana Ingila, Wallace yana can tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya, kowa ya kai ga tunani iri ɗaya kan yadda halittu ke sauyawa, aka karanta takardunsu tare a Landan a 1858. Turawa suna cewa sun gano shi independently. Haka ake so ka yi bincikenka, ko da kana zaune tsakiyar ɗakin karatu cike da jama'a, ba tare da jiran mai duba aikinka ya nuna maka kowane taku ba.

Solo daga Italiyanci ta zo, ta mawaƙa ce da matuƙa jirgi, kamar Lindbergh da ya tashi daga New York zuwa Paris shi kaɗai a 1927. Single-handedly yabo ce, ana faɗa wa wanda ya sauke nauyin da ya isa a raba wa mutane da yawa. Ka bari wani ya faɗa maka ita, kada ka faɗa wa kanka a gaban 'yan rukuninku, za su ji ka share su.

Sai abin da ya tsaya mini a rai. A ƙarshen saƙonka ka rubuta cewa da yamma kana zama lonely. Alone asalinta all one ne, kuma babu baƙin ciki a cikinta, mutum yana iya zama alone hankalinsa kwance. Lonely kuwa ciwon kewa ne. In kuskuren kalma ka yi, alhamdu lillahi. In kuma abin da ke ranka ke nan, ka faɗa mini gaskiya, mu sa ranar da zan riƙa kiran ka duk mako, in haɗa ka da Inna ku gaisa.

Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Amininka