A Riƙa Rufe Layin Ƙofar Makaranta Lokacin Shiga Da Tashin Yara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi kira ga hukumomin birnin Damagaram a kan wani al'amari da kowane uba yake gani da idonsa kullum safiya, amma muka saba da shi har muka daina ɗaukarsa a matsayin abin da ake iya gyarawa, wato halin da yaranmu suke shiga a bakin ƙofofin makarantu lokacin shiga aji da lokacin tashi.

Ni tsohon malamin firamare ne, kuma tun da na ajiye alli babban aikina shi ne raka jikokina biyu makaranta. A hunturun da ya wuce, wata safiya mai hazo, ina tsaye a bakin ƙofa sai wata yarinya 'yar ajin farko ta hango mai ƙosai a ɗaya gefen titi, ta fito a guje daga bayan wata adaidaita sahu da ke sauke yara. Wani ɗan kabu-kabu da ke tafe ya taka birki, amma yashin da iska ta shimfiɗa a kan kwalta ya kwashe masa taya, ya faɗi ya ƙuje hannu, babur ɗin kuma ya tsaya dab da ƙafar yarinyar. Jama'a suka taru, wasu suka zage shi, wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba, aka watse. Washegari na koma na tarar da komai yana nan yadda yake: mai ƙosai a wurinta, babura suna ratsa yara, babu wanda ya sauya ko da dutse ɗaya.

Ban ga amfanin ɗora wa wannan matashi laifin duka ba, domin gudun da yake yi shi ne gudun da kowa yake yi a wannan layi. Yaro ɗan shekara shida gajere ne, motar da ke tsaye tana ɓoye shi gaba ɗaya, kuma bai kai ga iya auna nisan abin hawa da saurinsa ba, ko da an yi masa nasiha sau ɗari a gida. Lissafin kuma a bayyane yake. Mai tafiya a kan gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarsa ta kai ga birki, alhali mai gudun kilomita 30 bai wuce mita 8 da 'yan kai ba, sannan tazarar da birki ke buƙata tana ƙaruwa fiye da yadda gudun kansa ya ƙaru. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurran hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda masu tafiya a ƙasa suke cakuɗa da ababen hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Garinmu yana da nasa yanayin da ya ƙara wa matsalar nauyi. Damagaram, wato Zinder, mahaɗa ce: babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Maraɗi ta nufi Diffa ta nan ta ratsa, haka ma wadda ta gangaro daga Agadas ta bi Tanut ta nufi Magarya da iyakar Najeriya. Tun da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011 tankoki suka ƙaru a kan waɗannan hanyoyi. Bikin Zinder Sabuwa na 2018, wato bikin ranar jamhuriya da aka yi a garinmu, ya kawo mana sabbin tituna, kuma mun gode, sai dai titi mai santsi yana kiran gudu, kuma layin da rairayi yake tilasta wa mai babur ya bi a hankali a da, yanzu babu abin da ke riƙe shi. Ranar Alhamis kuwa, ranar cin kasuwar Dole, sai a haɗa da amalanke da dabbobi da motocin ƙauye.

Abin da nake nema ba ya buƙatar miliyoyi. A ƙananan layukan unguwa, inda makarantu da dama suke da ƙofa, a hana babura da motoci wucewa na rabin awa lokacin shiga da rabin awa lokacin tashi, a tare bakin layin da ƙarfe mai ɗaguwa ko igiya da ganguna biyu, wanda ya kawo yaro ya sauke shi a bakin shingen ya taka 'yan mitocin da suka rage. Birnin Paris na Faransa ya soma irin wannan tsari a gaban makarantunsa tun 2020, amma ba sai mun je Turai neman misali ba. Mu ne muke rufe titi domin sallar Juma'a, muna kafa rumfa a tsakiyar layi domin ɗaurin aure ko zaman makoki, masu ababen hawa kuma su zagaya ba tare da gardama ba, saboda kowa ya yarda abin da ake yi ya cancanci a ba shi hanya. Ban ga dalilin da zai sa fitowar ɗaruruwan yara daga ƙofa ɗaya ta kasa samun irin wannan girmamawa ba.

Makarantun da ke bakin manyan hanyoyi daban ne, domin ba a iya tsayar da hanyar Diffa ko ta Tanut saboda tashin yara. A can sai a gina tudun rage gudu bisa ƙa'ida, a shafa masa fenti, a kafa allo kafin a iso shi, ba irin tulin ƙasar da mutanen unguwa suke yi cikin fushi bayan an yi haɗari ba, wanda shi kansa yake kayar da masu babur da dare. Inda makaranta take da katanga ta baya da ke kallon ƙaramin layi, a fasa ƙofa a can a mayar da ita ta yara. Masu sayar da ƙosai da awara da alewa kuma a ba su wuri a gefen da makarantar take, domin su ne dalilin rabin tsallakawar da yara suke yi, kuma korarsu ba adalci ba ne, da yawansu da wannan sana'a suke ciyar da gida.

Na san 'yan kabu-kabu za su ce zagaye yana cin mai, mazauna layin kuma za su tambayi yadda za su fitar da marar lafiya. Shingen da mutum yake tsaye a kansa ana ɗaga shi ga mai larura, zagayen layi ɗaya kuma bai kai kuɗin jinyar karaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai tsaya a wurin. Kwamitocin iyaye da ke kula da makarantu suna iya fitar da masu sa kai bi da bi, amma idan babu takardar izini daga ma'aikatar magajin gari, da riga mai shaida, da ɗan sanda da zai riƙa leƙowa a makonnin farko, direban farko da ya fusata zai tambayi dattijon da ke riƙe da igiya ko shi wane ne. Masu unguwanni da limamai su sanar da jama'a tun kafin a soma, a kuma zauna da shugabannin ƙungiyoyin masu babura, kada su wayi gari su tarar da doka a kansu. Kada a manta da makarantun allo da na islamiyya, waɗanda yaransu sukan taso bayan magariba, lokacin da ganin hanya ya fi wuya.

Birnin Zinder yana da gundumomi biyar. Ina roƙon hukumomin birni su zaɓi makaranta ɗaya a kowace gunduma, su gwada wannan tsari na wata uku daga komawar makarantu a watan Oktoba, sannan su tara iyaye da malamai da masu babura su ji abin da ya yi kyau da abin da ke buƙatar gyara. Idan aka zaɓi makarantar jikokina, a rubuta sunana cikin masu riƙe igiya na safiyar Litinin.

Na gode.

Wani tsohon malami,
Unguwar Garin Malam, Damagaram