Kada a hana kaji abinci don neman ƙwai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu kiwon kajin ƙwai, kan dabarar da ta fara yawo a tsakaninmu tun da masara da waken soya suka yi tsada: hana tsofaffin kaji abinci har su zubar da gashi, wai don su dawo da ƙwai.

Kaza kan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20. In ta kai mako 72 zuwa 80 sai ƙwan ya ja baya, ɓawon ya yi laushi, ka ɗaga kiret ka tarar da fasassu. Maimakon a sayar da kajin a sayo 'yan tsaki a jira wata biyar, sai a rage musu haske, a ɗauke abinci kwana bakwai har zuwa sha huɗu. Kazar kan rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinta, ta daina ƙwai, mahaifarta ta huta. Bayan 'yan makonni ƙwai ya dawo, manya, masu ƙwarin ɓawo, amma bai kai yawan na farko ba.

Na gwada a gonata, kuma har yau ina nadama. A kwana na biyar kajin suna ta caccakar kwanon da babu komai a ciki, daga nan suka koma caccakar juna a gindin wutsiya har jini. Na ɗauki wata, ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Kowace safiya sai na kwashe gawa.

Yunwar tana kuma karya garkuwar jikinsu, ƙwayar cutar Salmonella ta samu hanyar shiga ƙwan da yaranmu za su ci. A Amurka, ƙungiyar manyan masu samar da ƙwai ta hana gonakin da take tantancewa wannan hanya tun 2006. Yanzu akan ba kaji abinci maras ƙarfi, irin dusar alkama, tare da rage haske. Su zubar da gashi ba tare da an azabtar da su ba. Ruwa kuwa ba a taɓa ɗauke shi, balle a zafin bazara.

Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci. Kazar da ke cikin keji a hannunmu take.

Don Allah a gayyato likitan dabbobi ya yi mana bayanin yadda ake haɗa abincin dusar da yawan kwanakin da ya kamata.

Naku,
Mai kiwon kaji daga Zariya