Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Raɗɗa Kan Kuɗin Farfaɗo Da Ƙasa Da Madatsun Ruwanmu

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da Ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin gona ne daga ƙasar Daura, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kuɗin da ake warewa don gyaran ƙasar da ta lalace da tudun da ke zubo wa madatsun ruwanmu ruwa. Kuɗin nan ba kaɗan ba ne. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta gaji. Katsina na ciki, kamar yadda take cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Ga kuma kason asusun kula da muhalli da ke fitowa daga tarayya. Kuɗin Bankin Duniyar nan rance ne, 'ya'yanmu da jikokinmu ne za su biya shi, saboda haka muna da hakkin mu faɗi inda muke ganin ya kamata ya sauka.

Roƙona shi ne kaso mai tsoka na kuɗin ya shiga hannun mutanen da ke zaune a saman madatsun, a matsayin tallafi ga aikin da su da kansu za su yi, su kuma ci moriyarsa.

Duk wanda ya san Dam ɗin Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina, ko Zobe da aka gama ginawa a 1983 a kan kogin Karaduwa, ko na Jibiya, ko Sabke da Daberam a nan wajenmu, ya san ciwonsu ɗaya ne: yashi da laka. Wannan yashin kuwa gonar wani ce. Ruwan farko na damina yana sauka a kan ƙasa tsirara, an sassabe sabara da kalgo, an ƙone karmami, ba saiwar da za ta riƙe ta. Sai ya kwashe bisan ƙasar mai albarka ya zuba a ƙorama, ƙorama ta kai gulbi, gulbi ya jibge a dam. Manomin tudu ya rasa takin da ya sayo da guminsa, mai noman rani ya ga ruwa ya janye masa tun kafin tumatir da albasa su nuna, masunci ya rasa kifi, ɗan birni ya buɗe famfo ba ruwa. Idan aka ba ɗan kwangila aikin yashe dam aka bar tudun yadda yake, aikin baban giwa aka yi, don damuna kaɗan za su maido da abin da aka kwashe. Kuma ba mu manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya. Allah Ya jiƙansu. Ƙasar da ba ta shan ruwa, turo shi take yi wa na ƙasa da ita gaba ɗaya.

Na ga yadda dashen itatuwa ke mutuwa a idona. An taɓa kawo mana dashe cikin mota a wani ƙauye, damina ta kusa ɗaukewa, gero har ya fara bushewa. Aka tara yara suka haƙa ramuka, aka dasa, aka ɗauki hoto, aka biya kuɗin yini. Ba a ce wa kowa itacen nan naka ne ba, ba shinge, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Kafin hunturu ya wuce awaki sun gama da su, sai baƙaƙen ledoji a bakin ramuka. A takarda kuwa an rubuta an dasa dubbai. Mutanen garin ba mugaye ba ne. Mutumin da rumbunsa ba zai kai shi bazara ba, ba zai ɗauki jarka ya je shayar da itacen da bai san na wane ne ba.

Amma a leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda harshenmu ɗaya, ƙasarmu iri ɗaya, ruwan samansu ma bai kai namu ba. Tun wajen 1983 manoma can suka fara barin tohon kututturen da ke gonakinsu, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Ba gidan renon dashe, ba mota. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai sari reshe ya yi girki ko ya sayar ba tare da malamin daji ya ci shi tara ba. Gawo kuwa kowane manomi ya san darajarsa: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, ƙarƙashinsa ya fi ko'ina yabanya, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne da rani. Haka ramukan rabin wata da suke haƙawa a kan fako, su tare ruwa har ciyawa ta dawo inda a da ko tsinke bai fitowa.

Allah ya taimake ka, ka riƙe hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i kafin ka hau wannan kujera, don haka ba sai an yi maka dogon bayani a kan ƙaramin jari ba. Gyaran tudu sana'a ce idan aka tsara shi. Ƙungiyar mata za ta iya renon dashen kuka, ɗorawa, zogale da aduwa a sayi dashen a hannunsu, maimakon a kawo shi daga nesa. Samarin da ke tafiya cirani da an gama girbi za su iya zama gida su jera duwatsu a bakin kwazazzabo, su haƙa rabin wata, a biya su gwargwadon abin da aka auna. Gamba da aka shuka a gefen ƙorama tana riƙe ƙasa, a yanke ta a yi zana a kai kasuwa. Sai dai a raba biyan kuɗin: kaɗan ranar dashe, mafi yawa bayan shekara ɗaya da shekara biyu, idan an zo an ƙirga itacen da ya rayu. Da zarar an yi haka, mai unguwa da kansa zai sa ido a kan awakin da ake saki.

Kada kuma a zauna shawarar nan ba makiyaya. Idan aka killace fili aka toshe burtali ko hanyar mashaya, an dasa rigima tare da itacen, kuma jiharmu ta sha wahalar da ta ishe ta a yankin dajin Rugu. A yi yarjejeniya a gaban hakimi da dagaci da arɗo: wannan fili an hana kiwo a cikinsa damina biyu, bayan nan ciyawar ta masu dabbobi ce, a yanka a raba. Masu tifa da ke ɗibar yashi a gindin gada da gaɓar gulbi, da masu ƙona gawayi, su ma a keɓe musu inda za su yi da inda ba za su taɓa ba.

Jihar nan tana da mazaɓu 361, kuma gwamnatinka ta nuna tana son a riƙa tambayar jama'a bukatunsu tun daga mazaɓa. Ina roƙon a bi da kuɗin gyaran ƙasa ta wannan ƙofa. A liƙa takarda da Hausa da ajami a ƙofar gidan dagaci, a kuma karanta a gidan rediyon jiha: ga adadin da aka ware wa wannan ƙorama, ga ƙungiyar da ta karɓa, ga aikin da za ta yi, ga ranar da za a zo dubawa. A fitar da sanarwa ƙarara cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa mallakarsa ne. Sannan a fara da wuri ɗaya ko biyu, misali ƙauyukan da ke saman Ajiwa da Sabke, a auna zurfin dam ɗin kafin a soma, a sake aunawa bayan damina uku, a faɗa wa jama'a abin da aka gani. Dashen kuma ya isa hannun mutane a watan Yuli, lokacin da ƙasa ke da danshi.

Allah Ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam,
Naka mai fatan alheri,
Wani tsohon malamin gona daga Daura.