Zuwa ga ƙawata ta Abijan

Tawa, daren Laraba

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, ina mai gidan? Da fatan ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso ta hannun ƙanen mijinki, har da sabulun, Allah ya saka da alheri. Kin ce in leƙa miki ginin in ga ko ya kai linta, wannan sai a wasiƙa ta gaba. Bari in fara sauke abin da ke cina.

Jakunkunan ledar nan da muke saƙawa sun samu shiga! Wata mai shago a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, can Yamai, ta ga ɗaya a kafaɗar Yaya wurin biki. Ta karɓa ta juya, ta murza, ta ƙi yarda leda ce, sai da Yaya ta buɗe ciki ta nuna mata ƙulle-ƙullen. Yanzu ta aiko tana son ashirin kafin salla, jika huɗu-huɗu, har ta ba da rabin kuɗin. Wallahi da kuɗin suka shigo hannuna sai da na zauna bakin rijiya na yi kuka. Ke ce kika ce mini aikin mahaukata ne bin bola, to ki shirya, ranar da kika zo da bakinki za ki roƙi ɗaya, kuma sai kin biya.

Ba ki ga yadda muke yi yanzu ba, ya wuce wanda kika bari. Yara ke tsinto ledar, yawanci daga jikin ƙaya, inda iskar hunturu ke rataye ta. Mu wanke da omo, mu ɗauraye, mu shanya a inuwa, don rana na sa ta ƙeƙashe ta riƙa tsinkewa. Sai a ninke, a yanke gindi da hannuwan, a yayyanka sauran zobe-zobe, faɗin yatsa biyu. Zoben nan ake sarƙafawa ɗaya cikin ɗaya har ya zama zare, a dunƙule, sannan kwarashi ya shiga aiki. Wurin ja ne gwaninta take: in kin ja da ƙarfi ta miƙe ta yi siriri, in kin sassauta jakar ta yi lakwas ba ta tsayuwa. Gindin ne ya daɗe yana ba mu wuya, sai da Inna ta sa baki. Ta dube mu ta ce ai wannan ɗinkin faifai ne, a naɗe a bi da'ira kamar yadda take yi da kaba. Tun ranar ita ke fara mana kowane gindi, tana yi tana faɗan cewa ledar ba ta da ƙamshi. Ta fi son tabarmar Madawa, kuma ban ga laifinta ba, kaba kaba ce. Amma kabar saye ake, leda kuwa ga ta har ƙofar gida.

Af, kin ji 'yar gidan liman an sa rana? Da yaron nan mai kai albasar Galmi wajenku. In kin gan shi ki ja masa kunne, an ce tun da ya saba da aceke ya daina shan fura, irinki ke nan. Auta kuma ya ci jarrabawa. Duk motocin gwangwanin da kike cewa za su hana shi lekol, ga shi ya wuce, har ya ƙera wata da gwangwanin sardin da tayoyin tsohon silifa, tana da sitiyarin waya mai juya ƙafafun gaba. Yaya ta ce in ya je hutu za ta kai shi kasuwar Katako ta Yamai ya ga masu narka gwangwanin lemo suna zuba tukwane.

Abin da ke damuna hannun jakar ne. Mai shagon ta ce na fata take so, kuma tana da gaskiya, na leda yana cin kafaɗa. Badukun da muka saba da shi aikinsa ba na yarwa ba ne, jar fatar akuya yake sa mana, sai dai layyar bara ta wuce, fata ta yi tsada, kuma ga takalman salla sun yi masa yawa. In bai gama a kan lokaci ba, da wane ido zan dubi matar nan? Na biyu launi. Baƙar leda ce ta cika garin, ja da shuɗi sai an tona. Tun 2014 aka yi dokar hana ledar nan a Nijar, amma har gobe ko tumatir na dala biyar kika saya a ciki za a ƙulla miki. Ni da za a wayi gari babu ita da na fi kowa murna, ko da sana'ar za ta koma kaba. Kin tuna tunkiyar Baba da ta rame ta ƙi kiwo, da aka yanka aka ciro dunƙulen leda a tumbinta. Ban manta ba.

Matan unguwa sun fara zancen SAFEM, baje kolin sana'ar hannun mata da ake yi a Yamai. Maƙwabciyarmu ta bayan gida har ta fara tunanin zanen da za ta ɗaura. Na ce mu fara fita kunyar ashirin ɗin nan tukuna, amma ni ma zuciyata na can.

Don Allah ki tara mini ledoji masu launi na manyan kantunan nan naku, masu kauri, da ƙyallen atamfa in telanku na zubarwa, za mu yi shafin ciki da su. Ki ba duk wanda zai taso kafin azumi, kar ki jira mai gidan. Inna na gaishe ki, ta ce ki aiko da hoton jaririn, kuma wai har yanzu ba ki mayar mata da zancen maganin ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Tawa