Ana sabunta lasisin likita duk shekara, amma wa ke duba aikinsa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili in yi magana a kan wani lamari da ba a cika tayar da shi ba sai an yi asarar rai: likitan da ya gama karatu shekara ashirin ko talatin da suka wuce, wa ke tabbatar mana cewa har yau ya san aikinsa?

Ni ba likita ba ne. Mai harhaɗa magunguna ne, na yi aikin gwamnati a asibiti har na yi ritaya, yanzu ina zaune a ɗan shagona. To amma sana'armu ta sa mu ne masu karanta rubutun likita bayan mara lafiya ya fito daga ofishinsa. Takardar magani kuwa ba ta ɓoye komai. Daga layi uku da likita ya rubuta, wanda ya daɗe a wannan aiki zai iya gaya maka shekarar da likitan ya daina karatu.

Ga misalin da kowa zai gane. Mu da muka fara aiki tun da daɗewa, kulorokwin muka sani a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma a lokacin yana aiki. Daga baya ƙwayar cutar ta saba da shi, ya zama ana sha ba a warkewa. A 2005 Nijeriya ta canja tsari, aka koma wa magungunan haɗin gwiwa da ake kira ACT, irin su Coartem. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A 2011 kuma ta ce yaron da maleriya ta yi wa tsanani a yi masa allurar atesunet maimakon kwinin, saboda bincike a asibitocin Afirka ya nuna ta fi ceton rai. Canji uku ke nan cikin shekara shida, a kan cutar da likitanmu yake gani kullum safiya. Wanda ya rufe littafi a 2000 duk sun wuce shi.

Kuma akwai waɗanda canje-canjen suka wuce ɗin. Wata rana wata mata ta shigo da yaro goye, jikinsa zafi zau, ta miƙo mini takarda daga wani asibitin kuɗi. Kulorokwin na ruwa, da maganin kashe ƙwayoyin cuta kala biyu, da sinadarin ƙarin jini. Na tambaye ta, “Hajiya, an ɗebi jinin yaron?” Ta ce a'a, likita ya taɓa goshinsa ne kawai ya rubuta. Na buga wa likitan waya, dattijo ne mai mutunci, na gaishe shi da ladabi na ce, “Ranka ya daɗe, ko za a canja wannan?” Ya ce shi da wannan maganin ya warkar da dubban yara tun kafin in san hanyar makaranta. Gaskiya ya faɗa. Sai dai cutar da ya warkar a wancan zamani ta canja hali, shi bai canja ba. Kuma na tabbata lasisinsa na wannan shekarar yana rataye a bango, sabo fil.

A bisa doka, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN, wadda aka kafa tun 1963, ita ke riƙe da rajistar likitoci. Duk shekara likita zai sabunta lasisin aikinsa, kuma daga cikin sharuɗɗa akwai nuna shaidar cewa ya tara maki 20 na ƙarin ilimi, waɗanda ake samu ta halartar taron bita ko lacca a wuraren da majalisar ta amince da su. Tana kuma da kwamitin binciken ƙorafi da kotun ladabtarwa mai ikon yi wa likita gargaɗi, ko dakatar da shi, ko goge sunansa daga rajista ɗungurungum. A takarda tsarin ba shi da laifi, kuma ya fi zamanin da biyan kuɗi kaɗai ke sabunta lasisi.

Matsalar ita ce abin da makin yake aunawa. Na sha zuwa irin waɗannan tarurruka, don mu ma majalisarmu ta masu harhaɗa magunguna ta ɗora mana namu. Ga yadda da yawa suke kasancewa. Ɗakin taro a otal, kamfanin magani ya ɗauki nauyi, an raba jaka da biro da ɗan littafin rubutu mai tambarin kamfanin. Da ƙarfe tara layin sa hannu a rajista ya cika maƙil. Kafin sha ɗaya rabin kujeru babu kowa, wannan an kira shi tiyata, wancan ya leƙa asibitinsa na kuɗi. Waɗanda suka rage wasu na latsa waya. Da an kusa raba shinkafa da kaza sai ɗaki ya sake cika, a miƙa wa kowa satifiket ɗinsa, har da na abokin da ya aiko a karɓar masa. Wanda ya zauna ya saurara har ya yi tambaya, da wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, makinsu ɗaya. Abin ya yi kama da sabunta takardun mota: a biya, a buga hatimi, amma babu wanda ya taka birki ya ji ko yana ci.

Ba na cewa duk tarurrukan haka suke. Akwai laccocin asibitocin koyarwa da ake zufa a cikinsu, inda ƙaramin likita zai gabatar da labarin mara lafiyan da ya rasu, manya su yi ta yi masa tambayoyi har a gano inda aka kuskure. Wanda yake aiki a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko asibitin Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko bai so ba ilimi zai same shi, domin ɗalibai na bin bayansa da tambaya, abokan aiki na kallon abin da ya rubuta a fayil. Damuwata tana kan likita ɗaya tilo a babban asibitin ƙaramar hukuma, shi ne na yara, shi ne na haihuwa, shi ne mai tiyata, in ya tafi taro na kwana biyu a babban birnin jiha babu wanda zai riƙe masa. Da kuma mai asibitin kansa da babu na sama da shi, babu mai ce masa kul. Waɗannan su suka fi buƙatar a waiwaye su, su ne kuma tsarin ya fi mantawa da su.

Wani zai ce horo ai ba ya canja komai. Yana canjawa, in an yi shi a bakin gadon mara lafiya. Jijjigar masu ciki ta daɗe tana kashe mana mata, kuma an daɗe ana yi musu allurar diyazefam, alhali binciken duniya ya riga ya nuna cewa sinadarin magnesiyom salfet ya fi ta nesa ba kusa ba. A 2008 aka shigo da shi asibitin Murtala na Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda ake auna shi da yadda ake lura da numfashin mace da fitsarinta, aka kafa ƙa'idar a ɗakin haihuwa, aka tanadi maganin. Mutuwar matan da ke zuwa da jijjiga ta faɗo daga kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. An koya, an yi, sannan an ƙirga sakamakon. Wannan ƙirgar ita ce babu a tsarin maki 20.

Ingila ma sai da ta sha wuya kafin ta farga. A shekarun 1990 jarirai da yawa sun mutu bayan tiyatar zuciya a wani asibiti a Biristol, fiye da yadda ake mutuwa a sauran asibitoci, aka daɗe ba a ɗauki mataki ba. Sannan ga Harold Shipman, likitan unguwa a kusa da Manchesta, wanda kotu ta kama da laifin kashe marasa lafiyarsa 15 a Janairun 2000, binciken da mai shari'a Janet Smith ta jagoranta kuma ya ƙiyasta cewa waɗanda ya kashe sun kai kimanin 250. Bayan doguwar muhawara, a Disambar 2012 majalisar likitocinsu, GMC, ta fara sabon tsari. Duk shekara likita zai zauna da wani likitan da aka horar don wannan aiki, su duba abin da ya karanta, da ƙorafin da aka yi a kansa, da kurakuran da suka faru a hannunsa da abin da ya koya daga gare su. Ana kuma tattara ra'ayin abokan aikinsa da na marasa lafiyarsa. Duk shekara biyar wani babban likita da aka ɗora wa alhakin haka zai rubuta wa majalisar ko a bar masa lasisi ko a dakata.

Ban kawo wannan don a kwafo shi yadda yake ba. Su kansu likitocin Ingila suna kukan yawan cike takardu, kuma masana da dama sun ce Shipman da kansa zai iya tsallake wannan tantancewa, tunda ilimi bai yi masa ƙaranci ba, marasa lafiyarsa kuma suna son sa. Mugun nufi wani abu ne daban, sai ƙirga mace-mace ke tona shi. Abin ɗauka a wurinsu guda ne: wani ɗan'uwa likita yana zama ya kalli ainihin aikinka.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci masu lasisi a ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Wanda ya rage yana ganin mara lafiya ɗari a yini, albashi bai kai ya kawo ba, ga yajin aiki. In ka ƙara masa jarrabawa da barazana, ai ka nuna masa hanyar filin jirgi ne. Na yarda. Shi ya sa ba jarrabawar kora nake nema ba. Likitan da ya rubuta kulorokwin ba mugu ba ne, babu dai wanda ya taɓa zama da shi ya buɗe fayil goma na marasa lafiyarsa ya ce, “Yallaɓai, yanzu ga yadda ake yi.”

Wannan kuwa ba ya buƙatar biliyoyin naira. Ma'aikatar lafiya ta jiha da reshen ƙungiyar likitoci ta NMA za su iya haɗa kowane babban asibitin ƙaramar hukuma da wani ƙwararre daga asibitin koyarwa ko na tarayya mafi kusa. Ya je sau biyu a shekara, ya yi zagayen ɗakunan kwanciya tare da likitan, ya zaɓi fayiloli da hannunsa, su tattauna matan da suka rasu wajen haihuwa da yaran da aka rasa. A ba su duka biyun maki a kan wannan zama, maki mai tsoka, fiye da na zaman otal. Laccar da ake yi ta intanet kuma a ɗora mata ƴan tambayoyi a ƙarshe, wanda bai amsa ba babu maki. Kuma MDCN ta riƙa fayyace darasin dole na kowace shekara gwargwadon abin da ke damun jama'a. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, likitoci matasa da yawa ba su taɓa ganin farin yaɓin nan na maƙogwaro da idonsu ba, a littafi kawai suka san shi. A irin wannan shekara bai kamata mutum ya cike makinsa 20 da laccar sabon maganin ƙarfin jiki da kamfani ke tallatawa ba.

Ita ma majalisar tana buƙatar a bar ta ta yi aiki. Daga 2015 zuwa 2018 ta zauna babu hukumar gudanarwa, bayan gwamnati ta rushe hukumomi ba ta naɗa sabuwa da wuri ba, kotun ladabtarwa kuma ba ta zama sai da hukumar. Ƙorafe-ƙorafe suka taru, waɗanda ake tuhuma suna ci gaba da duba marasa lafiya. Bai dace hukumar da ke tsaron rayuka ta riƙa tashi da faɗuwa tare da canjin gwamnati ba.

Saura mu jama'a. Mun yi imani da ƙaddara, kuma haka ya kamata, amma imani da ƙaddara bai hana Bahaushe tambayar makaniki dalilin da ya sa injin ya buga ba. A asibiti ne kawai muke jin nauyin tambaya. Mutane da yawa ba su ma san akwai inda ake kai ƙarar likita ban da ofishin ƴan sanda ko Facebook ba. Ina roƙon MDCN ta fitar da bayanin yadda ake shigar da ƙorafi da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowane asibiti. A kuma wajabta wa asibitocin kuɗi rataye lasisin shekarar da ake ciki na kowane likitansu a inda ake yankar kati, ba a ofishin mai gida ba.

Ya Edita, in wani daga majalisar ko shugabannin NMA na jihohinmu ya karanta wannan, ina so ya amsa a wannan shafi: a bara, likitoci nawa aka hana lasisi saboda rashin cika maki, kuma asibitocin ƙananan hukumomi nawa wani ƙwararre ya shiga ya buɗe fayil?

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai harhaɗa magunguna,
Zariya, Jihar Kaduna.