Siffar mazaɓa a taswira ba ta isa ma'aunin adalci ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan maƙalar da kuka buga game da shata iyakokin mazaɓun majalisun dokoki na jihohi a Amurka. Marubucin ya yi ƙoƙari matuƙa, sai dai ya jingina hujjarsa kacokan a kan siffar mazaɓa a taswira, wato idan ta fito tsaf an yi adalci, idan ta karkace an yi maguɗi. A ganina, tarihin mazaɓar da shi kansa ya kawo misali da ita bai tsaya a nan ba.

Mazaɓar ita ce Essex ta Kudu, ta majalisar dattawan jihar Massachusetts. Kafin 1812, gundumar Essex da ke arewa da birnin Boston tana tura sanatocinta ne a dunƙule, kuma dukansu 'yan jam'iyyar Federalist ne. Da jam'iyyar Democratic-Republican ta ga tana da rinjaye a majalisa, sai ta raba gundumar biyu. Ta tattara garuruwan da 'yan hamayya suka fi ƙarfi a mazaɓa ɗaya ta bar musu kujeru 2, sannan ta harhaɗa garuruwan da ke gefe-gefe ta yi mazaɓa mai kujeru 3. Wanda ya bi wannan mazaɓa da yatsa a taswira zai taso daga Chelsea a kudu, wadda ma ba a gundumar Essex take ba, ya ratsa Lynn da Salem da Marblehead, ya haura arewa ta Danvers da Andover har Methuen, sa'an nan ya karya gabas ta Haverhill da Amesbury ya tsaya a Salisbury a bakin teku. Gwamna Elbridge Gerry, ɗan jam'iyyar Democratic-Republican wanda haifaffen Marblehead ne, ya sanya wa dokar hannu ranar 11 ga Fabrairun 1812, kuma ranar 26 ga Maris jaridar Boston Gazette ta buga zanen mazaɓar, an yi mata fukafukai da farata da haƙora, an kamanta ta da salamanda, wata halitta mai kama da ƙadangare. Daga sunan gwamnan da na halittar aka ƙago kalmar gerrymander da ake amfani da ita har gobe wajen nufin shata iyakar mazaɓa don amfanin wani ɓangare.

Zanen ya ba da dariya, amma abin da ya tabbatar da zaluncin lissafin ƙuri'u ne. A zaɓen majalisar dattawan jihar na wannan shekara, 'yan Federalist sun samu ƙuri'u 51,766, abokan hamayyarsu suka samu 50,164, amma waɗanda suka fi yawan ƙuri'u suka tashi da kujeru 11 kacal cikin 40, ɗaya ɓangaren ya kwashe 29, ciki har da duka kujeru ukun Essex ta Kudu. Shi kuwa Gerry, tun da kujerar gwamna ba ta da iyakar da za a lanƙwasa, ya sha kaye a hannun Caleb Strong. Dabarar ma ba ta yi ƙarko ba, domin a lokacin duk shekara ake zaɓe, kuma yaƙin da Amurka ta shiga da Birtaniya a 1812 ya ɓata wa mutanen yankin rai, saboda haka a 1813 'yan Federalist suka ƙwace mazaɓar da aka zana musamman don a hana su.

Abin da maƙalar ta tsallake gaba ɗaya shi ne irin cutar da ba ta bayyana a taswira, wadda ta fi ta Essex daɗewa nesa ba kusa ba. Kundin tsarin mulkin jihar Tennessee ya ce a sake rabon kujeru duk bayan shekara goma, amma daga 1901 majalisar jihar ta yi biris da wannan har kusan shekara sittin, alhali jama'a suna ta barin ƙauyuka suna cika birane irin su Memphis. A Alabama ma haka aka yi, inda gundumar Jefferson mai birnin Birmingham, da mutane sama da 600,000, take da sanata ɗaya, gundumar Lowndes mai mutane 15,417 ita ma sanata ɗaya. A California, gundumar Los Angeles mai mutane sama da miliyan 6 tana da kujera ɗaya cikin 40, daidai da wata mazaɓa ta kan duwatsu mai mutane kusan 14,000. Duk waɗannan mazaɓu iyakokin gundumomi suke bi, babu lanƙwasa babu wutsiya, kuma da ma'aunin marubucinku aka auna su da sun ci jarrabawa. 'Yan majalisar da ke cin moriyar tsohon rabo ba su buƙaci zana komai ba, naɗe hannu kawai suka yi. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a shari'ar Baker da Carr a 1962 cewa kotunan tarayya na da hurumin sauraron irin wannan ƙara, sannan a shari'ar Reynolds da Sims a 1964, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Earl Warren, ta yanke cewa dole a raba kujerun majalisun jihohi, ta wakilai da ta dattawa, bisa yawan jama'a.

Ko bayan wannan hukunci ba a ce an gama ba, domin ana iya daidaita yawan mutane tsaf a kowace mazaɓa kuma a yi rabon son kai, musamman yanzu da kwamfuta ke nuna wa mai zane yadda kowace unguwa ta jefa ƙuri'a. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba za su shiga rigimar shata iyaka don amfanin jam'iyya ba, ta bar wa jihohi da majalisar tarayya, yayin da jihohi irin su California a 2008 da Michigan a 2018 suka riga suka cire alƙalamin daga hannun 'yan majalisa suka miƙa wa hukumomin 'yan ƙasa.

Akwai kuma wani ƙaramin gyara. Maƙalar ta jera sunayen waɗanda suka wakilci wata mazaɓa tamkar ƙasa ɗaya suka gada hannu da hannu. Suna ko lambar mazaɓa kan daɗe, amma garuruwan da ke ƙarƙashinsa suna sauyawa bayan kowace ƙidaya, kuma a Massachusetts ɗin ma an rage kujerun majalisar wakilai daga 240 zuwa 160 a zaɓen 1978, abin da ya tilasta sake zana taswirar baki ɗaya. Don haka ina roƙon, idan za ku sake taɓo wannan batu, ku buga garuruwan da mazaɓa ta ƙunsa a kowane zango kusa da sunan wakilinta, tare da yawan jama'arta da ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum